Kafin Mace Ta Hau Gadon Likitan Mata: Me Ya Kamata A Gaya Mata, Kuma Yaushe?

Mace ta zo asibiti da ƙafarta, ta miƙa kati, an ba ta takarda ta sa hannu, ta cire zane ta hau gado. Shin wannan ya isa a ce ta san abin da za a yi mata, kuma ta yarda? Da yawanmu za mu ce ya isa, har da wasu ma'aikatan lafiya, tunda ba ɗaure ta aka yi aka kawo ta ba. Amma wannan tambayar ta yi shekaru tana yawo a majalisar dokokin Birtaniya da kotunanta da gidajen rediyonta, kuma amsar da aka cimma a can ita ce bai isa ba.

A watan Disambar 2024, kwamitin majalisar dokokin Birtaniya mai kula da al'amuran mata da daidaito ya fitar da rahoto a kan cututtukan da suka shafi mahaifa. Cikin abubuwan da ya koka a kai akwai yadda ake yi wa mata ayyuka masu zafi ba tare da an faɗa musu tun farko cewa za su iya jin zafi ba, ba a tanadi isasshen maganin kashe zafi ba, kuma matan na jin ba su da ikon cewa a tsaya. Wannan fa a ƙasar da ba a karɓar kuɗi a asibitin gwamnati, kuma kusan kowa ya iya karatu. Ke nan matsalar ta wuce talauci ko rashin boko kawai.

Aikin da ya tayar da ƙurar

Sunansa a likitance histeroskofi, a Hausance kuwa sai mu ce leƙen cikin mahaifa. Ana zura wani siririn bututu mai kyamara da fitila, wanda kaurinsa bai kai na biro ba, ta gaban mace, ya ratsa bakin mahaifa ya shiga ciki. Sai a tura ruwan gishiri irin wanda ake ƙara wa majinyaci, domin mahaifar ta buɗe a ga bangonta a allo. Ana yin sa ga mai zubar jini da yawa, ko mai ganin jini tsakanin al'ada da al'ada, ko wadda jini ya dawo mata bayan ta daina al'ada, ko mai yawan ɓari, ko mai neman haihuwa. Wani lokaci a gutsuro ɗan nama a kai ɗakin gwaji, ko a cire wani tsiro nan take. Yawanci bai wuce minti 10 zuwa 15. Aiki ne mai matuƙar amfani, domin da shi ake gano sankarar mahaifa tun ba ta yi nisa ba.

A da, a ɗakin tiyata ake yin sa, bayan an yi wa mace allurar barci. Da kayan aiki suka ƙara siranta, sai aka mayar da shi ɗakin duba marasa lafiya, mace na farke idonta biyu. Mata da yawa suna jure shi ba wata wahala, su tashi su koma gida ko wurin aiki a ranar. Amma ba duka ba. Wani bincike da masana na Jami'ar Reading suka wallafa a 2020, wanda ya duba mata sama da 800 da aka yi wa aikin a farke, ya nuna kusan mace ɗaya cikin shida ta ji zafi mai tsanani, waɗanda suka ce ba su ji komai ba kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Binciken ya kuma nuna cewa abin da likitoci ke ƙiyastawa na zafin da mace ta ji yakan gaza abin da ita matar ta faɗa.

To, me takardun gayyata na asibitoci da dama suke gaya wa matan? Cewa za su ji ɗan murɗawar mara irin ta al'ada. Ga wasu gaskiya ne. Ga wadda ta suma a kan gado, ko ta yi amai, ko ta fita tana rawar jiki, wannan bayanin ya yaudare ta, ko da ba da niyyar yaudara aka rubuta shi ba. Kuma an san waɗanda suka fi fuskantar wahala: wadda ba ta taɓa haihuwa da kanta ba, wadda ta daina al'ada bakin mahaifarta ya tsuke, wadda ciwon mara ke sumar da ita, wadda ta taɓa shan wuya a gwajin bakin mahaifa, da wadda aka taɓa cin zarafinta. Tambayoyi kaɗan kafin ranar aiki sun isa a gane su.

Lyn Brown, 'yar majalisa mai wakiltar West Ham a birnin Landan a lokacin, ta fara ɗaga maganar a zauren majalisa tun 2013, ta kuma yi ta maimaita ta shekara da shekaru, tana karanto labaran matan da suka rubuto mata. A watan Yunin 2021, ma'aikaciyar BBC Naga Munchetty ta ba da labarin kanta a rediyo, yadda ta suma sau biyu sa'ad da ake sa mata robar tazarar haihuwa a mahaifa. Mata suka yi ta fitowa da irin nasu labarin. A 2023 kwalejin likitocin mata ta Birtaniya ta fitar da ƙa'ida: a ba mace bayani a rubuce kafin ranar aiki, a shimfiɗa mata duk zaɓin da ke akwai har da allurar kashe wuri da allurar barci, a kuma sanar da ita cewa tana iya cewa a tsaya a kowane lokaci. Amurka ma ta bi sahu. A watan Agustan 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce a riƙa tattauna batun zafi da mace kafin a sa mata roba, ƙungiyar likitocin mata ta can kuma ta fitar da nata jagoran a kan zafin irin waɗannan ayyuka a watan Mayun 2025.

Sa hannu daban, yarda daban

Wanda ke son gane tushen maganar sai ya san labarin Nadine Montgomery. 'Yar yankin Scotland ce, mai ƙaramin jiki, mai ciwon sukari, ta ɗauki ciki a 1999. Masu ciwon sukari sukan haifi jarirai manya, kuma a irin halinta akwai haɗarin kashi 9 zuwa 10 cikin 100 cewa kan jariri zai fito kafaɗa ta maƙale. Ta nuna damuwa a kan girman ɗan da ke cikinta. Likitar da ke duba ta ba ta ambata mata wannan haɗarin ba, ba ta kuma kawo mata zancen tiyata a matsayin zaɓi ba. Hujjarta a kotu ita ce, da wuya maƙalewar ta kai ga mummunar illa, kuma in ana faɗa wa kowace mace, kowace za ta ce a yi mata tiyata.

Ranar haihuwa kafaɗar ta maƙale. Jaririn ya rasa iska na tsawon mintuna, ya tashi da naƙasar ƙwaƙwalwa. Uwar ta yi ta shari'a, ƙananan kotuna suna ba ta rashin gaskiya, har zuwa watan Maris na 2015 da Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba ta gaskiya, aka biya diyyar fam miliyan 5.25.

Abin da ya sa hukuncin ya zama abin ambato shi ne ma'aunin da ya sauya. Kafin nan, abin da kotu ke dubawa shi ne: shin wasu ƙwararrun likitoci za su yi shiru a kan wannan haɗarin kamar yadda wannan likita ya yi? In akwai su, likita ya fita. Kotun Ƙoli ta mayar da ma'aunin wajen majinyaci. Dole likita ya faɗi duk haɗarin da mai hankali a irin halin wannan majinyaci zai ɗauka da muhimmanci, ko wanda likitan ya san wannan majinyacin na gabansa zai damu da shi, tare da sauran hanyoyin magani masu ma'ana. Alƙalan sun kuma ja kunne cewa ba a sauke wannan nauyin ta hanyar jibga wa mutum kalmomin likitanci da ba zai gane ba, ko ta hanyar neman sa hannunsa a takarda kawai.

Saboda haka yarda ta gaskiya tana tsayuwa ne a kan abubuwa kaɗan. Mace ta san mene ne aikin da dalilinsa, ta san amfaninsa da haɗarinsa, ta san akwai wata hanyar ko babu, ta san abin da zai faru in ta ƙi ko ta jinkirta. Sannan a ba ta sarari ta yi tunani. Wannan na ƙarshen shi aka fi tauyewa, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan maganar duka. Macen da ta riga ta tuɓe, ƙafafunta a ɗage, mutum uku na tsaye a kanta, wasu ashirin na jira a waje, ba ta cikin halin da za ta auna zaɓi. Komai kyan bayanin da aka yi mata a wannan lokacin, ya zo a makare. Kunya da tsoro da nauyin jama'a sun riga sun amsa mata.

Me ya sa bayanin ke makara?

Ba mugunta ce ke jawo shi ba a mafi yawan lokuta. Akwai matsin aiki: a ƙarshen 2024 kwalejin likitocin mata ta Birtaniya ta ce mata sama da 750,000 ne ke layin jiran ganin likitan mata a asibiti a faɗin ƙasar. Domin rage layi aka ƙirƙiro tsarin a gani a yi aiki a zama guda. Tsari ne mai kyau ga wadda ta san da shi. Amma mace takan zo da zaton hira kawai za ta yi da likita, sai ta tarar an shirya kayan aiki, ba ta sha maganin kashe zafi ba, ba ta zo da ɗan rakiya ba, ta bar yara a makaranta za ta ɗauko. Akwai kuma batun kuɗi. Aikin da aka yi a farke ya fi na ɗakin tiyata arha nesa ba kusa ba, kuma tsarin biyan asibitoci a Ingila ya yi shekaru yana ƙarfafa a yi shi a farke. Masu fafutuka suna ganin wannan ne ya sa ba a cika ambata wa mata zaɓin allurar barci ba.

Sai kuma sabo. Wanda ke yin aiki sau goma a yini, abin ya zame masa kamar shan ruwa, ya manta cewa ga wadda ke kwance wannan ne karon farko a rayuwarta. Bayan wannan akwai tsohuwar ɗabi'a da ta game duniya, ta ɗaukar ciwon mace a matsayin abin da aka halicce ta ta jure. Ai ta yi al'ada, ai ta yi naƙuda, wannan kuma mene ne?

Hujjar likitoci

Adalci ne a ji ta bakinsu, domin suna da abin faɗa. Sun ce tsoro na ƙara zafi, kuma gaskiya ne: macen da ta zo a firgice jikinta yakan ɗaure, aikin ya ƙara wuya. Sun ce in aka cika labarin zafi, wasu matan za su ƙi zuwa, cikinsu har da masu sankarar da za a iya kamawa da wuri. Sun ce allurar barci ma tana da nata haɗarin, ga jira mai tsawo kafin a samu gurbi a ɗakin tiyata, kuma ita kanta allurar kashe wuri a bakin mahaifa tana da zafi. Duk waɗannan abubuwa ne da ya kamata a auna.

Inda na rabu da masu wannan ra'ayi shi ne wa zai yi awon. Irin hujjar da likitar Montgomery ta kawo ke nan: in na faɗa mata, za ta zaɓi abin da ni ban ga ya dace ba. Mace baliga mai hankali tana iya jin cewa yawancin mata suna jurewa, wasu kaɗan suna shan wuya sosai, ga abin da aka tanada in ke ma kin ji haka, ta kuma yanke wa kanta. Tsoron da ya fi illa shi ne na wadda aka ce mata ba komai, ta tarar da komai. Ita ce ba ta sake dawowa, kuma ba ta yin shiru, sai ta gaya wa 'yan'uwanta da maƙwabtanta.

A asibitocinmu fa?

Hukuncin kotun Birtaniya bai ɗaure kotunan Najeriya ba, amma dokarmu ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da lafiyarsa ke ciki, da hanyoyin bincike da na magani da ke akwai, da amfani da haɗari da kuɗin kowanne, da kuma haƙƙinsa na ƙin magani tare da bayanin abin da ƙin zai haifar. Sashen ya ƙara da cewa, gwargwadon iko, a yi bayanin da harshen da majinyaci ke ji, kuma a yi la'akari da matsayin karatunsa. A 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata. Tun 2001 ma Kotun Ƙolin Najeriya, a shari'ar Dakta Okonkwo, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani.

A aikace kuwa da sauran tafiya. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a asibitocin Najeriya da Ghana da Gini da Myanmar, wanda aka wallafa a mujallar Lancet a 2019, ya sa masu bincike sun zauna a ɗakunan haihuwa na ƙasashe ukun farko suna kallon abin da ke gudana. Sun tarar kusan kashi 59 cikin 100 na duba gaban mata da aka yi, an yi shi ne ba tare da neman izini ba, ƙarin da ake yi wa mace lokacin haihuwa kuwa, wato yankan gabanta domin jariri ya fito, kashi 75 cikin 100. Ɗakin haihuwa aka duba, amma hannayen da ke aiki a can su ne ke aiki a sashen mata.

Mu kuma muna da namu ƙarin shingayen. Takardar yarda da Turanci take, matar kuwa Hausa ko Fulatanci ko Kanuri take ji, wataƙila ajami ta iya. Kunya ta hana ta ambaton sunan wurin da ke mata ciwo, balle ta tambayi namijin likita me zai zura mata. An tarbiyyantar da ita cewa yawan tambaya ga babba rashin kunya ne, sai ta ce "to, Likita" alhali ba ta gane ba. Sau da yawa kuma bayanin ba ita ake yi wa ba. A kira maigida ko yayanta ofis a yi magana, shi ya sa hannu, ita ta ji labari a taƙaice a bakin ƙofa: "Sun ce aiki za a yi miki." Shawara da miji abu ne mai kyau, kuma mata da yawa su da kansu suke son a yi magana yana wurin. Amma doka majinyaci ta ce a sanar, jikin kuma nata ne. Akwai abin da ba za ta faɗa a gaban miji ko uwar miji ba, kuma wani lokaci wannan abin ne likita ya fi bukatar ji.

Kalmominmu ma suna rufe abubuwa da yawa. "Wankin ciki" yana iya nufin zuƙe ragowar ɓari da sirinji, yana iya nufin kankare bangon mahaifa da ƙarfe, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita na farko a kan na biyu, ta ce a ba mace maganin kashe zafi. "Hoto" yana iya zama sikanin da ake ɗora wa a kan ciki, ko wanda ake zurawa ta gaba, ko hoton hanyoyin ƙwai da ake tura ruwa cikin mahaifa. Matar da aka ce wa "je ki yi hoto" ba ta san wanne ke jiranta ba sai ta shiga ɗaki. In budurwa ce, ko wadda ba ta so namiji ya duba ta, wannan bambancin ba ƙarami ba ne a wurinta.

Asarar da ake yi a banza

Ko an ajiye maganar haƙƙi gefe, rashin bayani yana ɓata aikin kansa. Na taɓa raka matar yayana wani asibiti za a yi mata hoton hanyoyin ƙwai, wanda likitoci ke kira HSG, bayan shekaru tana neman haihuwa. Tun asuba ta taso daga garinsu, mota biyu ta hau. Da layi ya zo kanta wajen azahar, nas ta tambaye ta, "Hajiya, yau kwana nawa da fara al'adarki?" Ta ce sha takwas. Nas ta ce, "Ai ba yau ba, sai wani watan." Ba laifin nas ɗin ba ne, gaskiya ta faɗa. Ana yin wannan hoton ne bayan jini ya ɗauke kafin lokacin sakin ƙwai, wajen kwana na 7 zuwa na 10 daga ranar da al'ada ta fara, kuma akan nemi mace ta ƙaurace wa shimfiɗar miji daga fara al'adar har a yi hoton, domin kada a yi shi a kan ƙaramin ciki. Jimla biyu ne da wanda ya rubuta mata takardar zai faɗa. Kuɗin mota ya tafi, yini ya tafi, ta koma gida tana share hawaye.

Irin wannan ba ya ƙirguwa. Sikanin saman ciki yana son mafitsara a cike, na ciki kuwa sai an yi fitsari. Gwajin bakin mahaifa ba a son yin sa ana tsakiyar jini, kuma ana so mace ta yi kwana biyu ba saduwa, ba matsi, ba cusa wani magani, abin da ya kamata a faɗa ƙarara a wurin da kayan mata suka zama ruwan dare. Wadda za a yi wa allurar barci sai ta bar abinci awa 6 kafin aiki, ta zo da mai mayar da ita gida, ta kuma faɗi duk maganin da take sha, na asibiti da na gargajiya. Wadda za a yi wa leƙen mahaifa a farke akan shawarce ta ta sha maganin ciwo kamar farasitamol awa guda kafin lokacin. In ba a faɗa mata tun tana gida ba, yaushe za ta sha?

Babbar asarar kuwa ita ce wadda ba a gani. Alƙaluman 2020 sun nuna mata kusan 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Najeriya a shekarar, kusan 8,000 suka rasu. Cuta ce da gwaji ke kamawa tun kafin ta zama sankara. A watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta, amma iyayensu mata da yayyensu gwajin ne kariyarsu. Duk macen da aka zura wa ƙarfe ba sallama ba bayani, an yi asarar ta, an kuma yi asarar duk wadda za ta ji labarin daga bakinta.

Cire ƙari ko cire mahaifa

Akwai wuri guda da rashin bayani ke rusa gida. Mace mai ƙarin mahaifa, wanda ake kira faibiroid, tana iya shiga tiyata domin a cire ƙarin a bar mata mahaifarta. Amma aiki ne mai zubar da jini, kuma a wasu lokuta ƙalilan jinin yakan ƙi tsayawa, har ya zama ceton ranta shi ne a cire mahaifar gaba ɗaya. Likita na ƙwarai yana faɗin wannan tun kafin ranar, ya tabbatar ta ji, ya ba ta dama ta yi shawara ta yi istihara. In ba a yi haka ba, sai ta farfaɗo ta ji labarin da bai taɓa zo mata a rai ba, ko ma a ɓoye mata, ta yi shekaru tana jiran cikin da ba zai zo ba. Haka nan wadda za a cire wa mahaifa ya kamata ta san ko za a haɗa da ƙwayayenta, domin in aka cire su duka biyu tana da sauran ƙuruciya, alamomin daina al'ada za su sauko mata nan take.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Asibiti ba ya bukatar sabon gini kafin ya gyara wannan. Bayani da Hausa a takarda guda, boko da ajami, ko saƙon murya na minti biyu da za a tura wa mace ta WhatsApp ranar da aka ba ta lokaci, zai rage rabin matsalar. Nas ɗaya da za ta zauna da matan da ke jira ta yi musu bayani, kamar yadda ake yi ranar awo, ita ma haka. Akwai kuma dabarar da ake koya wa ma'aikatan lafiya a ƙasashe da dama: maimakon a ce "kin gane?", wanda amsarsa kullum "e" ce, sai a ce, "Hajiya, in kin koma gida maigida ya tambaye ki, me za ki ce masa za a yi miki?" Daga amsarta za a san inda bayanin ya tsaya.

Ita kuma mai zuwa asibiti, tambayoyinta ba su da yawa, kuma ba rashin ladabi ba ne ta yi su tana zaune da kayanta a jiki. Yau magana za mu yi ko aiki za a yi? Me za a yi mini, ta ina, kuma don me? Zan ji zafi, kuma me aka tanada in na ji? Akwai wata hanyar? In na bari sai wani lokaci, me zai faru? Nawa ne kuɗin duka? Tana iya neman mace ta duba ta in akwai, in babu ta nemi wata ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin. Tana iya tambayar su wane ne sauran mutanen da ke tsaye, domin a asibitin koyarwa ɗalibai ne sau da yawa, kuma sai da izininta ya kamata su kalla. In tana jin nauyin magana, ta tafi da 'yar'uwar da bakinta ke buɗewa.

Kafin a fara, ta yi alkawari da mai aikin cewa in ta ce "a dakata" ko ta ɗaga hannu, za a dakata. Ban da inda ake ƙoƙarin ceton rai cikin gaggawa, yardar da ta bayar tana iya janye ta ko an riga an fara, a sake shiri wata rana da allurar kashe wuri ko ta barci.

Bayan an gama, kada ta sauka daga gado ta kama hanya sai ta ji abu biyu: yaushe sakamako zai fito kuma wa zai yi mata bayaninsa, sannan wace alama ce ke nufin ta dawo da sauri. Ɗan ɗigon jini da murɗawar mara na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne bayan yawancin waɗannan ayyuka. Zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko jini mai yawa da gudaji, ko ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, waɗannan ba a kwana da su a gida. Ta tambayi lambar da za ta kira, da ƙofar da za ta nufa in abin ya same ta da tsakar dare.